Ƙirƙirarriyar basira da yanke hukunci bisa ɗa'a: Inda take taimakawa da inda take cutarwa

A asibitoci da kotuna da bankuna da ma'aikatun gwamnati na ƙasashe da dama, manhajojin kwamfuta sun shiga cikin shawarwarin da a da ɗan'adam kaɗai ke yankewa. Su ne ke nuna majinyacin da ya kamata a fara dubawa, da wanda ake tuhuma da ya cancanci beli, da gidan da za a saka cikin jerin masu karɓar tallafi, da ɗan kasuwar da za a ba bashi. Kowace shawara daga cikin waɗannan tana ɗauke da haƙƙin wani, kuma kuskure a cikinta na iya janyo asarar dukiya ko 'yanci ko rai.

Masu goyon bayan fasahar suna cewa na'ura ba ta gajiya, ba ta karɓar cin hanci, ba ta kuma san ɗan wane ba. Masu sukarta suna cewa tana gadon son zuciyar waɗanda suka gina ta, sannan ta lulluɓe shi da rigar lissafi. Abubuwan da suka faru daga shekarar 2016 zuwa yau, daga Togo zuwa Amurka da Holland, sun nuna cewa kowane ɓangare yana da hujja. Sun kuma nuna cewa na'urar na iya faɗaɗa abin da mai yanke hukunci yake gani, amma zaɓin abin da za a fifita da ɗaukar alhakin sakamako suna nan a wuyan mutane.

Abin da ake nufi

Ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, fasaha ce da ke ba kwamfuta damar koyo daga ɗimbin bayanai, ta gano alaƙar da ke tsakaninsu, sannan ta yi hasashe ko ta ba da shawara. Idan aka nuna mata hotunan ƙirji dubbai waɗanda likitoci suka riga suka tantance, takan koyi bambanta huhu mai lafiya da mai alamun tarin fuka. Wasu daga cikin manhajojin da ake tafka muhawara a kansu ba su kai wannan matsayi na koyo ba, tsarin lissafi ne kawai da aka rubuta musu ƙa'idoji, sai dai tambayoyin ɗa'a da suke tayarwa iri ɗaya ne.

Hukunci na ɗa'a kuwa shi ne wanda amsarsa ba ta tsaya ga sanin gaskiyar lamari kaɗai ba, sai an auna abin da ya dace da abin da bai dace ba. Sanin cewa majinyata biyu na buƙatar gado ɗaya a ɗakin kulawa ta musamman magana ce ta ilimi. Yanke shawarar wanda za a ba gadon magana ce ta adalci.

Ana amfani da fasahar a irin waɗannan wurare ta hanyoyi kamar uku. Akwai manhajojin da ke hasashe, su ba mutum maki gwargwadon haɗari ko buƙata. Akwai masu rabon abin da bai wadata ba, kamar tsarin haɗa masu ba da ƙoda da majinyatan da jikinsu zai karɓa, wanda aikin Alvin Roth, masanin tattalin arziki da ya samu kyautar Nobel a 2012, ya taimaka wajen kafawa a Amurka. Akwai kuma manhajojin hira irin su ChatGPT, waɗanda mutane ke tambaya kai tsaye ko abu kaza daidai ne.

Darasin Togo

Misalin da ya fi kusa da Najeriya shi ne na ƙasar Togo. A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da sana'o'i, gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin Novissi domin tura kuɗi ta wayar salula ga masu ƙananan sana'o'i. Da aka zo faɗaɗa shirin zuwa karkara, sai aka ci karo da matsala: babu cikakkiyar rijistar matalauta, kuma annobar ta hana a bi gida gida.

Gwamnatin ta haɗa kai da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da ƙungiyar agaji ta GiveDirectly. Aka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam wajen gano gundumomi 100 mafiya talauci, sannan aka horar da manhaja ta ƙiyasta halin rayuwar mutum daga yadda yake amfani da wayarsa, kamar yawan kira da tsawonsa da kuɗin da ke shiga asusun wayar.

Binciken da mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa a watan Maris na 2022 ya nuna cewa wannan hanya ta rage yawan matalautan da ake tsallakewa da kashi 4 zuwa 21 cikin 100, idan aka kwatanta da rabon da ya dogara ga yanki kawai. Binciken ya kuma nuna cewa da a ce akwai cikakkiyar rijistar al'umma, da ta fi manhajar daidaito, domin manhajar ta fi ta kuskure da kashi 9 zuwa 35 cikin 100. Wanda ba shi da waya kuwa, wanda galibi shi ne mafi talauci, tsarin ba ya ganinsa sam.

Akwai wani abin lura. A zagayen farko na shirin, mata sun riƙa karɓar sefa 12,250 a wata, maza kuma 10,500. Wannan fifiko shawara ce da hukumomi suka yanke bisa abin da suka ga ya dace. Haka ma yawan mutanen da kuɗin zai isa da wuraren da za a fara. Aikin manhajar shi ne neman mutanen da aka riga aka ce mata su ne abin nema.

Asibiti: abin da aka auna shi ake samu

A fannin lafiya, amfanin fasahar a bayyane yake. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhajojin karanta hoton ƙirji wajen tantance tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Ga ƙasa kamar Najeriya, wadda ke cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa katutu kuma take da ƙarancin ƙwararrun masu karanta hoto, wannan babban sauƙi ne, kuma ana amfani da irin waɗannan na'urori a motocin gwaji masu shiga unguwanni da ƙauyuka.

Duk da haka, manhajar maki kawai take bayarwa. Ma'aikatan lafiya ne ke tsayar da makin da za a ce daga shi zuwa sama a tura mutum gwajin majina. Idan aka sauko da makin, za a kama masu cutar da yawa, amma kayan gwaji masu tsada za su ƙare a kan masu lafiya. Idan aka ɗaga shi, kayan za su isa, amma wasu masu cutar za su koma gida su yaɗa ta ga iyalansu. Babu lissafin da zai ce wanne kuskure ya fi sauƙin ɗauka, sai mutane sun zauna sun auna.

Wani bincike da Ziad Obermeyer da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science a watan Oktoban 2019 ya nuna illar zaɓen ma'aunin da bai dace ba. Sun binciki wata manhaja da asibitocin Amurka ke amfani da ita wajen zaɓen majinyatan da za a ba kulawa ta musamman. Manhajar ba ta duba launin fata, amma an gina ta ne ta yi hasashen kuɗin da za a kashe wa majinyaci, a kan zaton cewa wanda ya fi ciwo shi ya fi cin kuɗi. Da yake an saba kashe wa baƙar fata kuɗi kaɗan ko da ciwonsu ya kai na farar fata, sai manhajar ta ɗauke su a matsayin waɗanda suka fi lafiya. Masu binciken sun lissafa cewa da an gyara ma'aunin, adadin baƙar fata a cikin masu samun kulawar zai tashi daga kashi 17.7 zuwa 46.5 cikin 100.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Manhajar da aka horar da bayanan al'ummar da ke da wariya za ta fito da wariyar, ko da babu wanda ya yi niyyar hakan. Sai dai a nan ma akwai ɗan alheri: da yake ƙa'idar a rubuce take, an iya bincikarta, an gano karkatar, an kuma auna girmanta. Son zuciyar da ke ɓoye a ƙirjin mutum ba ya binciku da wannan sauƙi.

Kotu: adalci iri biyu

Muhawarar da ta fi shahara ita ce ta manhajar COMPAS, wadda wasu kotunan Amurka ke amfani da ita wajen ƙiyasta yiwuwar mutum ya sake aikata laifi. A watan Mayun 2016, kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta bi diddigin mutum fiye da 7,000 da aka kama a gundumar Broward ta jihar Florida. Ta gano cewa a cikin waɗanda ba su sake laifi ba cikin shekara biyu, manhajar ta yi wa kusan kashi 45 cikin 100 na baƙar fata tambarin masu haɗari, alhali na farar fata kashi 23 ne da ɗoriya.

Kamfanin da ya ƙera manhajar, Northpointe, ya musanta zargin. Hujjarsa ita ce maki ɗaya yana nufin abu ɗaya ga kowa: baƙi da fari da suka samu maki daidai, yiwuwar sake laifinsu kusan daidai take.

Masana lissafi da suka duba taƙaddamar sun tabbatar da wani abu mai muhimmanci. Matuƙar yawan sake kamawa ya bambanta tsakanin rukunoni biyu, kuma hasashen bai zama marar kuskure ba, ba zai yiwu manhaja ta cika ma'aunin adalcin ProPublica da na kamfanin a lokaci guda ba. Dole a zaɓi ɗaya a sassauta ɗaya. Wannan zaɓi aikin 'yan majalisa ne da alƙalai da al'umma, domin babu ƙwarewar kwamfuta da za ta warware shi.

A watan Yulin wannan shekarar, Kotun Ƙolin jihar Wisconsin ta yanke cewa alƙali na iya duba makin COMPAS, amma ba zai zama shi ne abin da ke tsayar da hukunci ba, kuma dole a haɗa shi da gargaɗi a rubuce game da iyakokinsa.

Manhajojin hira ma sun shiga kotuna. A farkon 2023, wani alƙali a birnin Cartagena na ƙasar Kolombiya ya bayyana cewa ya tuntuɓi ChatGPT a shari'ar kuɗin jinyar wani yaro, lamarin da ya tayar da muhawara a ƙasar. A watan Yunin wannan shekarar, wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 bayan sun gabatar da shari'o'in da manhajar ta ƙirƙiro, waɗanda ba a taɓa yi ba.

Idan aka sakar wa na'ura ragama

Ɓarna mafi girma takan faru ne a inda jami'ai suka daina tambaya. A ƙasar Holland, hukumar haraji ta yi amfani da tsarin tantance haɗari wajen farautar masu zamba a tallafin renon yara, kuma ƙasar asalin mutum tana cikin abubuwan da tsarin ke dubawa. An zargi iyalai fiye da 20,000 bisa kuskure, aka tilasta musu mayar da kuɗaɗe masu yawa, wasu suka afka cikin bashi, wasu gidaje suka watse. Bayan rahoton kwamitin majalisa, gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus a ranar 15 ga Janairun 2021. Binciken ya ɗora laifin a kan tsauraran dokoki da jami'an da suka ƙi sauraron koke, ba a kan manhajar kaɗai ba.

A Ingila, da aka soke jarrabawar kammala sakandare a 2020 saboda korona, hukumar kula da jarrabawa ta yi amfani da tsarin lissafi wajen daidaita makin da malamai suka bayar, tana la'akari da sakamakon makaranta na shekarun baya. Kusan kashi 40 cikin 100 na makin aka rage, kuma haziƙan ɗalibai na makarantun da ba su da tarihin nasara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Bayan zanga-zangar ɗalibai, gwamnati ta janye tsarin a ranar 17 ga Agusta, kwana huɗu bayan fitar da sakamakon.

A duka wuraren biyu, mutumin da aka zalunta ya rasa wanda zai kai wa ƙara, domin jami'in da ke gabansa yana nuna kwamfuta, kwamfuta kuma ba ta amsa tambaya.

Ko za a iya koya wa na'ura sanin ya kamata?

Wasu masu bincike sun gwada tattara ra'ayin jama'a domin na'ura ta koyi ɗa'a daga gare shi. Cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka ta buɗe wani shafi mai suna Moral Machine, inda ake tambayar mutane wa mota mai tuƙa kanta ya kamata ta kare idan hatsari ya zama dole. Sakamakon da aka wallafa a Nature a watan Oktoban 2018 ya ƙunshi amsoshi kusan miliyan 40 daga ƙasashe da yankuna 233. An samu abubuwan da mafi yawa suka yarda da su, kamar fifita mutum a kan dabba da fifita ceton rayuka masu yawa. An kuma samu saɓani: fifita yaro a kan tsoho ya fi ƙarfi a ƙasashen Yamma fiye da ƙasashen gabashin Asiya da ƙasashen Musulmi da dama.

Tun kafin wannan, a 2017, kwamitin ɗa'a da gwamnatin Jamus ta kafa kan motoci masu tuƙa kansu ya haramta bambanta mutane ta shekaru ko jinsi ko yanayin jiki a irin wannan hali. Wato abin da masu amsa tambayar suka fi so ya saɓa wa abin da kwamitin ya ga ya dace, wanda ke nuna cewa rinjaye kaɗai ba ya mayar da abu daidai.

A watan Oktoban 2021, Cibiyar Allen da ke Seattle ta fitar da manhajar gwaji mai suna Delphi, wadda ke ba da hukuncin ɗa'a a kan duk abin da aka rubuta mata. Cikin kwanaki kaɗan masu gwadawa suka gano cewa ɗan sauyin lafazi na iya juya hukuncinta, kuma wasu amsoshinta na ɗauke da wariya. Hukunce-hukuncen da ta koya daga gare su na ma'aikatan intanet ne a Amurka, don haka mizaninta nasu ne.

Wannan batu ya shafi mai magana da Hausa kai tsaye. Mafi yawan rubutun da aka horar da manyan manhajojin hira da shi na Ingilishi ne. Tambaya a kan rabon gado, ko haƙƙin maƙwabci, ko kunya tsakanin suruki da suruka, na iya samun amsa mai daɗin karatu wadda aka auna da mudun wata al'umma dabam.

Ƙa'idoji da dokoki

A watan Nuwamban 2021, ƙasashe 193 na hukumar UNESCO, ciki har da Najeriya, suka amince da kundin shawarwari kan ɗa'ar ƙirƙirarriyar basira. Kundin ya jaddada cewa alhakin ƙarshe na mutum ne, kuma bai kamata a miƙa wa na'ura hukuncin rayuwa da mutuwa ba. A watan Yunin wannan shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da nata ƙa'idoji shida, waɗanda suka haɗa da kare 'yancin majinyaci da bayyana yadda manhaja ke aiki.

Dokar Tarayyar Turai kan fasahar ta fara aiki a ranar 1 ga Agustan 2024. Ta haramta wasu ayyuka ɗungurungum, kamar ba 'yan ƙasa makin ɗabi'a da zai janyo musu wariya, ta kuma wajabta sa idon ɗan'adam a fannoni masu haɗari kamar ɗaukar aiki da ilimi da ba da bashi da shari'a. Tarar keta haramcin na iya kaiwa yuro miliyan 35 ko kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara. A watan Yulin 2024 kuma Tarayyar Afirka ta amince da nata tsarin nahiya a taron da aka yi a Accra.

Shugabannin addinai ma sun sa baki. Fadar Vatican ta jagoranci wani kira kan ɗa'ar fasahar a birnin Rum a watan Fabrairun 2020, kuma a Janairun 2023 wakilan Musulmi da Yahudawa suka shiga cikinsa, ciki har da Sheikh Abdallah bin Bayyah.

Matsayin Najeriya

Kariya mafi ƙarfi da ɗan Najeriya yake da ita a yanzu tana cikin Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin shekarar. Sashe na 37 ya ba mutum 'yancin kada a yanke masa hukuncin da zai shafe shi ta fuskar doka ko makamancin haka bisa aikin na'ura zalla. Dokar ta yi togaciya a inda kwangila ta buƙaci hakan, ko wata doka ta ba da izini, ko mutumin ya amince, tare da tanadin cewa yana iya neman ɗan'adam ya sake duba lamarin, ya faɗi ra'ayinsa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya ce ke da alhakin tabbatar da bin dokar.

Wannan tanadi ya shafi rayuwar yau da kullum. Manhajojin ba da bashi ta waya suna yanke shawara cikin mintuna bisa bayanan da suka tattara daga wayar mai nema, kuma tun 2022 Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayayya ta Tarayya ta wajabta musu rijista bayan koke-koken cin zarafi.

A watan Agustan 2024, Ma'aikatar Sadarwa da Tattalin Arzikin Dijital ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani ta fitar da daftarin tsarin ƙasa kan fasahar, wanda ya ware babi ga amfani da ita bisa ɗa'a. A watan Satumban 2025 kuma aka ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar harshe da ke aiki da Hausa da Yarbanci da Ibo da Ingilishin Najeriya.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Tun ran gini tun ran zane. Daga abubuwan da suka faru a ƙasashen da aka ambata, akwai tambayoyin da ya kamata kowace hukuma ko asibiti ko banki ya amsa kafin ya jingina shawararsa ga manhaja.

Ta farko ita ce abin da manhajar ke aunawa a zahiri, da ko shi ne abin da ake son sani, kamar yadda kuɗin jinya ya tsaya a madadin tsananin ciwo a Amurka. Ta biyu ita ce mutanen da aka horar da ita da bayanansu, da waɗanda ba sa ciki, kamar mazauna karkara da matan da ba su da waya ta kansu. Ta uku ita ce wanda kuskurenta zai fi faɗa wa, da ko an auna hakan rukuni rukuni. Ta huɗu ita ce ko jami'in da ke amfani da ita yana da iko da lokacin da zai saɓa mata ba tare da tsoron hukunci ba. Ta biyar ita ce ko wanda abin ya shafa ya san an yi amfani da na'ura, da ofishin da zai kai kokensa.

Ga ɗan ƙasa da aka hana bashi ko tallafi ko aiki, kuma aka ce masa kwamfuta ce ta ƙi, doka ta ba shi damar neman a sake duba lamarinsa ta hannun mutum. Idan bai gamsu ba, yana iya shigar da ƙorafi gaban Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya.